Motsa Ido da Tsayuwar Mai Ciwon Fakinsin

Ciwon nan ya samo sunansa ne daga James Parkinson, wani likitan birnin Landan da ya bayyana alamominsa a rubuce cikin shekarar 1817. Bahaushe kan sa shi cikin makyarkyata, sai dai kalmar ta yi masa kaɗan, domin rawar hannu ba ita ke kwantar da tsoho ba. Faɗuwa ce, da karayar da kan biyo bayanta. Asalin ciwon shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Maganin lebodofa, wanda ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1960, yana sassauta sanƙarewar gaɓoɓi, amma bai cika gyara tangaɗi ba.

To, ina ruwan ido da tsayuwa? Ƙwaƙwalwa kan daidaita jiki ne da labarin da take samu daga ido, da can cikin kunne, da gaɓoɓi. A wannan ciwo labarin gaɓoɓi kan raunana, sai majiyyaci ya jingina ga ido fiye da mai lafiya. Ga shi kuma idon ma bai tsira ba: idan zai kai duba daga wani abu zuwa wani, ba ya isa a tashi ɗaya, sai ya ƙarasa da kaɗan-kaɗan. Da yake ido ke riga kai da gangar jiki juyawa, jinkirinsa kan taimaka wajen harɗe ƙafa a lokacin juyi.

Atisayen da ake koyarwa yana da tushe a aikin Cawthorne da Cooksey, likitocin Ingila da suka tsara shi domin masu jiri a shekarun 1940. Majiyyaci zai zauna, ya miƙe hannu, ya kafa wa babban yatsansa ido, yana juya kai dama da hagu ba tare da yatsan ya ɓace masa ba. Sannan ya tsayar da kai, ya riƙa maida duba tsakanin abubuwa biyu a bango, ko ya bi yatsa da ido a hankali. Sai ya ƙware a zaune kafin ya gwada a tsaye, da wani a kusa. Idan jiri ya yi yawa, a dakata.

Gwaje-gwajen da aka yi kan masu Fakinsin ƙanana ne, saboda haka kuskure ne a ɗauki atisayen madadin magani. Abin da aka daɗe da tabbatarwa shi ne, majiyyacin da ƙafarsa ta kafe yakan iya ɗaga ta idan aka ja masa layuka a ƙasa ya riƙa tsallakewa.