Asali da Ma'anar Aikatau na Ingilishi "Correspond"

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da kan rikita mai fassara akwai aikatau na Ingilishi "correspond", domin ma'ana biyu gare shi. Wannan maƙala za ta bi salsalarsa, sa'an nan ta nuna yadda ya kamata a mayar da shi Hausa.

Asali

Kalmar ta shigo Ingilishi ta hannun Faransanci a ƙarni na 16, amma tushenta Latin ne. Gaɓa uku aka harhaɗa: "com", wato tare, da "re", wato mayarwa, da "spondere", wato ɗaukar alkawari. Ma'anar asali ke nan ita ce abu biyu su amsa wa juna.

Ma'ana

Ma'ana ta farko ita ce dacewa, ko zuwa ɗaya. Idan shaidu biyu suka ba da bayani a kotun Argungu a kan iyakar wata fadama ta Gulma, maganarsu kuma ta zo ɗaya, da wannan aikatau Bature zai bayyana haka. Ta biyu, wadda ta ɓullo a ƙarni na 17, ita ce musayar wasiƙu, domin kowace wasiƙa amsa ce ga 'yar'uwarta.

Abin sha'awa, kalmar "wasiƙa" ita ma ba ta yi nisa da batun alkawari ba. Daga Larabci aka aro ta, daga tushen da ke nufin amincewa.

Tarihinmu ya raba ma'anonin biyu sarai. Muhammadu Bello da Shehun Barno Muhammadul Aminu Alkanemi sun aika wa juna wasiƙu a kan halascin yaƙar Barno, Bello kuma ya kawo wasu a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Sun cika ma'ana ta biyu, amma ba su cika ta farko ba, don ra'ayinsu bai zo ɗaya ba.

Kammalawa

Wajibi ne mai fassara ya dubi muhallin kalmar tukuna. In ana kwatanta abu biyu, sai ya ce "sun dace". In kuwa mutane ne ke rubuta wa juna, "sun yi musayar wasiƙu". Tafintan da ya ce shaidu sun yi wa juna wasiƙa, alhali maganarsu ce kawai ta dace, ya jefa musu zargin haɗa baki, mai gaskiya kuma yana iya rasa gonarsa.