Babu Damin da Ya Fi Kowane: Darasi Daga Wasan Katin Magic

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 1993 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Amurka mai suna Wizards of the Coast ya fitar da wasan kati da ake kira Magic: The Gathering. Wanda ya ƙirƙiro shi, Richard Garfield, masanin lissafi ne da ya sami digirin dakta daga Jami'ar Fensilbaniya a wannan shekarar. Wasan ya bambanta da karta ko Whot da aka sani a nan, inda kowa ke ɗiba daga tuli guda. A Magic, kowane ɗan wasa shi ke zaɓar katunansa tun daga gida, ya haɗa abin da za a kira dami a cikin wannan darasi. An fara da katuna iri 295, yanzu kuwa sun haura iri 20,000.

Tambayar da kowane sabon shiga yake yi ita ce, wane dami ne ya fi kowane? Amsarta na buƙatar fannoni biyu da ake koyarwa a sakandare, wato lissafin yiwuwa da ilimin dangantakar halittu da muhallinsu.

Yadda Wasan Yake

Labarin da aka gina wasan a kai ƙage ne irin na tatsuniya: jarumai biyu ne ke fafatawa, suna kiran dodanni da mayaƙa da namun daji. Kowa yana farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu, kuma a kowane zagaye yana ɗaukar kati ɗaya daga saman daminsa wanda aka riga aka gauraya. Wanda makinsa ya ƙare, an cinye shi.

Katunan sun kasu gida biyu. Akwai katunan ƙasa, masu hoton fili ko tsibiri ko fadama ko dutse ko kurmi, waɗanda ke samar da ƙarfi mai launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Akwai kuma katunan aiki, waɗanda ba a iya buga su sai an biya ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Ƙasa ɗaya kawai ake ajiyewa a kowane zagaye, saboda haka babban dodo mai bukatar ƙarfi 7 zai daɗe a hannu kafin ya sauka. A tsarin da aka fi sani, dami ba ya gaza kati 60, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4, in ban da katunan ƙasa na asali.

A farkon fitowar wasan akwai wata ƙa'ida da ke sa kowa ya ajiye kati guda, wanda ya ci ya kwashe. Da yake wannan ya yi kama da caca, an hana shi a gasa, kuma bayan 1995 ba a sake buga katunan da suka dogara da shi ba.

Darasi na Farko: Lissafin Yiwuwa

Mai haɗa dami yana da ikon zaɓar kati 60, amma ba shi da iko a kan guda 7 da za su fara zuwa hannunsa. Hanyoyin da za a iya ɗibar kati 7 daga cikin 60 sun kai 386,206,920. Abin da ya rage masa shi ne ya karkato da yiwuwar zuwa ɓangarensa.

A ɗauka akwai wani kati da ɗan wasa yake so ƙwarai. Idan guda ɗaya ya sa a dami, yiwuwar ya same shi a hannun farko ita ce 7 bisa 60, wato kusan kashi 12 cikin 100. Idan ya sa 2, sai ta koma kashi 22. Idan 3 ne, kashi 32. Idan ya cike 4, kashi 40. Hanya mafi sauƙi ta gano wannan ita ce a fara lissafa yiwuwar rashin samunsa, sa'annan a debe daga ɗaya. Ɗalibi zai lura cewa kwafi na biyu ya ƙara kimanin kashi 10, na huɗu kuwa kimanin kashi 8 kacal. Ko da an cike gurbin, sau 6 cikin 10 katin ba zai zo da wuri ba. Don haka damin da ya rataya a kan kati guda, ya yi gini a kan yashi.

Haka abin yake ga katunan ƙasa. Sabon shiga yakan rage su domin ya sami wurin cusa dodanni. Idan ya sa ƙasa 18 cikin 60, yiwuwar hannunsa na farko ya zo da ƙasa ɗaya ko babu ko ɗaya ta kai kashi 31 cikin 100, kusan sau ɗaya cikin uku ke nan. Idan ya sa 24, sai ta sauka zuwa kashi 14, wato sau ɗaya cikin bakwai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru suka daɗe suna ba da shawarar ƙasa 24 ko kusa da haka. Abin da ɗan wasa ke kira rashin sa'a, sau da yawa rashin lissafi ne.

Darasi na Biyu: Ƙadangarun Kalifoniya

Lissafi yana sa dami ya yi aiki, amma ba ya faɗin damin da zai yi nasara. Masana wasan sukan raba dabarunsa gida uku. Mai gaggawa yana zubo ƙananan mayaƙa masu araha don ya gama da abokin karawa da wuri. Mai tsaro yana kashe duk abin da aka buga, yana jiran ƙarshen wasa. Mai haɗi kuwa yana tara wasu katuna biyu ko uku waɗanda in sun gamu wasa ya ƙare nan take. A bisa yawanci, mai gaggawa kan riga mai tsaro, mai tsaro kan wargaza shirin mai haɗi, mai haɗi kuma kan kammala kafin mai gaggawa ya ƙarasa shi.

Irin wannan zagaye yana nan a cikin daji. A shekarar 1996, Barry Sinervo da Curtis Lively sun wallafa sakamakon bincike a mujallar Nature a kan wani ƙadangare na jihar Kalifoniya mai suna Uta stansburiana. Mazansa iri uku ne, ana gane su da launin maƙogwaro. Mai ruwan goro mafaɗaci ne, yana mallakar fili babba da mata da yawa, yana kuma ƙwace na mai shuɗi. Mai rawaya ba shi da fili, kuma yana kama da mace, don haka sai ya saci jiki ya shiga filin mai ruwan goro, wanda ya yi faɗin da ba zai tsaru ba, ya sadu da matansa. Mai shuɗi kuwa ƙaramin fili gare shi, yana gadin macensa sosai, shi ya sa dabarar mai rawaya ba ta cin sa.

Sakamakon haka, duk irin da ya yi yawa a bana, ya share wa mai rinjayarsa hanya ke nan. Yawansu yana ta juyawa cikin 'yan shekaru, babu wanda ya shafe sauran. Masana suna kiran wannan zaɓi mai dogaro da yawa: amfanin hali yana raguwa gwargwadon yawan masu shi.

A wannan shekarar ta 1996 an ga kwatankwacin haka a gasannin Magic. Wani baƙin kati mai suna Necropotence, wanda ke ba ɗan wasa damar musayar makin ransa da sababbin katuna, ya mamaye fage har aka riƙa kiran lokacin Baƙin Bazara. Amma wanda ya ci gasar duniya ta shekarar, Tom Chanpheng na Ostireliya, da farin dami ya zo, mai ɗauke da ƙananan mahaya da aka ba kariya daga baƙaƙen katuna. Yawan baƙi ne ya mai da farin daminsa abin tsoro.

Darasi na Uku: Teburin Nishaɗi

A fagen gasa, da zarar wani dami ya yi fice sai dubban mutane su kwafe shi daga intanet, farashin katunansa ya tashi, ire-iren dami su ragu. Mark Rosewater, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wasan, ya bayyana a 2002 cewa 'yan wasa iri uku suke tunawa in suna ƙirƙirar kati: mai son ganin abin mamaki, mai son nuna basirarsa ta haɗi, da mai son nasara kawai. Biyun farko a gida ko a tsakanin abokai aka fi samun su, kuma a wurinsu ne ake gwada katunan da gasa ta yi watsi da su.

'Yan wasa ne da kansu suka ƙago tsarin da ake kira Commander, kamfani ya fara sayar da kayansa a 2011. A nan dami kati 100 ne, ba a maimaita kowane kati sai ƙasa ta asali, makin rai 40 ne, kuma yawanci mutum huɗu ke zama. Tun da jagoran dami yana gefe, saura 99 ne ake gaurayawa, yiwuwar samun wani kati a hannun farko ta koma kashi 7 cikin 100. Da gangan aka rage tabbas domin kowane zama ya bambanta da na jiya. Bugu da ƙari, wanda ya yi zarra a teburin, sauran ukun kan haɗe masa kai. Akwai kuma tsarin Pauper, wanda ba a amfani da komai sai katuna gama-gari masu araha. Ƙuntatawa irin wannan takan tilasta wa mutum yin tunani, kamar yadda ƙarancin ruwa ya sa tsirran hamada suka zo da dabaru iri-iri na adana shi.

Mai haɗa daminsa da kansa yana bin matakan binciken kimiyya ko bai sani ba. Yana fara da hasashe, ya gwada, ya rubuta sakamako, ya canza kati ɗaya ko biyu, ya sake gwadawa. In ya canza goma a lokaci guda ba zai san wanne ya kawo bambanci ba, in kuma ya yanke hukunci bayan wasa uku, samfurinsa ya yi kaɗan. Mai kwafe dami kuwa tamkar ɗalibin da ya haddace amsa ne: ranar da aka juya tambaya, sai ya rasa tudun dafawa.

Aikin Aji

Malami ba ya bukatar sayen katin Magic. A yanka kwali 60, a yi wa 24 alama. Kowane rukuni ya gauraya, ya ɗebi 7, ya rubuta masu alama nawa suka fito, ya maimaita sau 50. A haɗa sakamakon ajin duka a duba ko matsakaicin ya kusanci 2.8, wato 7 sau 24 bisa 60. Daga nan a rage masu alama zuwa 18 a sake. A ƙarshe a tambayi ɗalibai: me zai faru da ƙadangaru masu ruwan goro idan cuta ta kashe masu rawaya duka? Me kuma zai sami masu shuɗi bayan haka?

Kammalawa

An ga cewa ingancin dami yana da sharaɗi biyu: lissafin abin da ke cikinsa, da sanin abin da ke kewaye da shi. Na farko ana iya fitar da shi da alƙalami, na biyu kuwa yana sauyawa duk lokacin da abokan wasa suka sauya. Saboda haka kuɗi na iya sayen kati mai tsada, amma ba ya sayen amsar da za ta dawwama. Masu iya magana sun ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.