Kula da Kaza Mai Kwanci: Sai Uwa Ta Yi Lafiya Ƴan Tsaki Ke Rayuwa

Ƴan'uwa manoma da mata masu kiwo, kaza ita ce asusun talaka. Ita ake kaiwa kasuwa a sayi magani, ita ake yankawa in baƙo ya sauka. Amma a gidaje da yawa kaza kan ƙyanƙyashe ƴan tsaki cike da akurki, kafin wata biyu sai a tarar saura ƙalilan. Sai a ce shirwa ce, ko a ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa asarar tun daga kwanci ta faro: mai kaza ya ƙirga ƙwai, ya manta da wadda ke kwance a kansu.

Abin da kwanci ke yi wa jikin kaza

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Duk tsawon kwanakin nan uwar tana riƙe da ƙwai a ɗumin da ya kai digiri 37 zuwa 38, tana juya su da bakinta. Sau ɗaya a yini takan tashi, na minti 15 zuwa 30, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima, ta koma. Abin da take ci kaɗan ne, saboda haka ramewa take yi. Kazar da ta shiga kwanci da rama ko da cuta, ko dai ta gudu ta bar ƙwai, ko ta fito ba ta da ƙarfin renon ƴaƴanta.

Shiri kafin kwanci

Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi kaza mai ƙiba, mai yalwar gashi, wadda ta taɓa reno da kyau. A tabbata an yi mata rigakafin annobar kaji, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal. Cutar nan ba ta da magani, kuma ta fi ɓarna lokacin hunturu. Rigakafin iri biyu ne: akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido. Ma'aikacin kula da dabbobi zai faɗa muku lokacin da ya kamata a sake shi. Uwar da aka yi wa rigakafi tana ba ƴaƴanta kariya ta cikin gwaiduwar ƙwai, kariyar da ke tsare su a makonninsu na farko. Maganin tsutsar ciki shi ma kafin kwanci ake ba da shi.

Sheƙa da ƙwai

A samu wuri mai inuwa da ɗan duhu, inda iska ke shiga, nesa da sauran kaji. Fasasshen tulu ko tsohon kasko ya isa sheƙa. A zuba rairayi a ƙasa, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa sabuwa. In bazara ce, a riƙa ɗan jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin sheƙar, domin bushewar iska na sa ɗan tsako ya kasa fasa ƙwai.

Ƙwai 8 zuwa 12 sun ishe ta, gwargwadon girmanta. In ta kwanta ana hangen ƙwai a gefenta, sun yi mata yawa. Kada a sa ƙwan da ya wuce mako guda da nasawa, ko mai tsagewa, kuma kada a wanke shi. A yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, don a gane wanda wata kaza ta zo ta ƙara. A tsakanin kwana 7 da 10, a haska ƙwai da tocila cikin duhu. Mai ɗa a ciki za a ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo. Wanda ya fito garau a cire shi, kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.

Ci da sha

A ajiye hatsi ko dawa da ruwa mai tsabta ɗan nesa kaɗan da sheƙa, yadda sai ta tashi za ta kai gare su. Tashin nan yana da amfani ga jikinta, kuma yana hana ta yin kashi a kan ƙwai. In kaza ta yi yini biyu ba ta tashi ba, a ɗaga ta a hankali a kai ta wurin abinci. Ruwa kullum ake sake shi.

Masu shan jininta da dare

Ƙuma da kaskar kaji suna ɓoye a tsagar bango da rana, da dare su fito su sha jinin kaza. Ƙwarƙwata kuwa a jikinta take zama. Alamarsu ita ce ƙoron kaza ya yi fari, ta riƙa susa, ta kasa zama. A duba ƙarƙashin fukafukanta da dare da tocila. A tanadi kasko mai toka da rairayi don birgima, a yaɓe tsagar bango, a ƙone tsohuwar ciyawar sheƙa. Kada a zuba wa kaza maganin ƙwarin gona ko na adana wake. Guba ne gare ta, da ƙwai, da mai cin naman.

Ƙwan zabi a ƙarƙashin kaza

Da damana zabi ke nasa ƙwai da yawa, kuma daga Maraɗi har Damagaram kaza ake ba ta kwanta a kansu, don ta fi zabuwa haƙurin kwanci da reno. Sai dai ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, wato an ƙara wa kaza mako guda. A ba kaza mai ƙarfi wannan aiki, a ƙara mata abinci. In za a haɗa da ƙwan kaza, a jira ƙwan zabi ya yi mako guda sannan a ƙara na kaza, don su fito tare. Kada a kwashe ƴan tsaki a sake sa wa kaza sabon ƙwai nan take. Kwanci biyu a jere na iya kashe ta.

Bayan ƙyanƙyasa

Daga kwana 18 kada a taɓa ƙwai. Ɗan tsako yakan fito da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi yini ɗaya ko biyu, don haka a bar uwa ta gama aikinta. Daga nan a sa ta da ƴaƴanta a akurki mai tsabta har mako 4 zuwa 6, kariya daga shirwa, da kyanwa, da raɓa. A ba su ɓarzajjen hatsi, da dussa, da garin ƙuliƙuli, da gara. Ana kama gara da tukunya: a cika ta da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara, a ɗauka da safe. Ruwansu a kasko marar zurfi, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Uwar ma a ba ta hatsi ta ƙoshi, ta mai da jikinta.

Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu. In kaji suka fara mutuwa da yawa, a sanar da ma'aikatar kula da dabbobi nan da nan, a binne gawarsu da zurfi, kada a ci. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya a shekarar 2006, kuma tana iya kama mutum. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kaji, yara da manya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kwana nawa ƙwan kaza ke yi, kwana nawa na zabi?
2. Don me ake ajiye abinci nesa kaɗan da sheƙa?
3. Yaushe aka yi wa kajin garinku rigakafi na ƙarshe?