Darasi: "Indomi" a Motar Ikilisiya

A jikin salansar tsofaffin motocinmu masu shan fetur, irin su Hilux, akwai wata tukunya mai raga kamar saƙar zuma. Makanikai suna kiranta "indomi". Ita ce ke rage gubar hayaƙi. Idan ta toshe, mota za ta kasa hawan tudu, ko da muna ɗauke da mai naƙuda.

Kafin mu sa sabuwa, mu fara gyara sanadin: mataccen fulogi, ko inji mai ƙona baƙin mai. In ba haka ba, sabuwar ma za ta lalace. Mu kuma karɓi tsohuwar, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta. Kuɗinta na ikilisiya ne.

Ubangiji ya ba mu riƙon amana.