Nafaƙar Ɗan Cin Rani

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya san cin rani, domin idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai magidanci ya ɗauki buzunsa ya nufi Kano ko Ibadan ko Kumasi, ba ya kuwa barin ruwan shuka ya riga shi gida. Cin ranin yau ba ya sanin damina, kuma mu da ke riƙe da littafin ƙara a kotun shari'a mu ne muke ganin abin da yake haifarwa.

Wata baiwar Allah ta kawo ƙara tana neman a raba aurenta saboda rashin ci da sha. Mijinta yana acaɓa a Legas, da gwamnatin can ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi cikin 2022 sai ya koma dako a kasuwar Mile 12, yana kwana a rumfa. Da sammaci ya iske shi ya zo da wayarsa a hannu, gilashinta duk ya tsage, yana nuna wa alƙali saƙon banki ɗaya bayan ɗaya, yana rantsuwa bai taɓa tsallake wata ba. Gaskiya ya faɗa, illa dai kuɗin asusun ƙaninsa suke shiga, shi kuwa ƙanin ya ce an sayi taki, an yi gudummawar biki, an biya bashin tsohonsu, abin da ya rage mai POS ya cire ladansa.

Alƙali ya ce, "Malama, da me kuke ci?"

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, da hannuna."

Matar da ba ta san hanyar rijiya ba, saboda a da mijin ne ke jan ruwa, ya yo itace, ya yi cefane, ita ce ta koma surfen ƙwadago. Ta sayar da akuyarta, ta bi da kwanonin jerenta, ta cire 'yarta daga Islamiyya ta aza mata tallan ƙuli-ƙuli, har adashin da take zubi ya karye a kanta. Gonar gidan kuwa an ba da ita jingina ba da saninta ba. Aka yi ta neman sulhu, ta ce zuciyarta ta riga ta fita, aure ya mutu alhali babu maƙaryaci tsakanin su biyun.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya iya riƙe lissafin kati da na mai shayi, amma ya kasa tambayar mudu nawa gidansa ke ci a mako. Birni ya koya masa samu yau kashe yau, ya manta da lissafin rumbu, wanda ake yi daga kaka zuwa kaka. 

Kai magidanci, nafaƙa haƙƙin mata ce, ba ta sauka daga wuyanka sai ta isa hannunta. Ka aika mata kai tsaye. In lalle sai da wakili, a rubuta, a kafa shaidu, ayar bashi da ke Suratul Baƙara ba don baƙi kaɗai ta sauka ba. Aikin da ka bari a gida shi ma kuɗi ne, ka sa ladan mai ruwa da mai itace cikin lissafi.

Ku kuma mata, kada kunya ta sa ku yi shiru shekara da shekaru, domin a Mukhtasar na Halilu maganar mace game da nafaƙar miji matafiyi tana karɓuwa ne daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali, faɗa wa maƙwabta bai wadatar ba. A daina jinginar da gona a ɓoye. Kuma ina sake faɗa, kada ka bi da abincin iyalinka ta hannun ɗan'uwa ba tare da shaida ba, ko da uwa ɗaya ta haife ku.