Wasiƙa ga matasan Sabon Birni masu neman gurbin karatu a jami'o'in ƙetare

Jami'ar ƙasar waje takan duba abu biyu kafin ta ba baƙon ɗalibi gurbin digirin farko: sakamakon da ya fita da shi daga sakandare, da shaidar cewa akwai mai ɗaukar nauyinsa. Ga ɗan Najeriya, sakamakon shi ne na WAEC ko NECO, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, mai son likitanci kuma sai ya haɗa da darussan kimiyya. Jarrabawar JAMB ba ta cikin lissafinsu, domin ita ƙofar makarantun cikin gida ce. Wannan ne ya ruɗi yara da yawa daga Sabon Birni zuwa Getso, Kutama da Garo, har suka ɗauka cewa wanda JAMB ta kayar, ƙasar waje za ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa halin wani yaro ne na yankin, mai ƙoƙari da ladabi, wanda ya gama sakandare da sakamakon da malamansa suka yi alfahari da shi. Ya zauna JAMB sau ɗaya bai kai makin likitanci ba, daga nan ya ce shi da ita har abada. Wani mutum a cikin Kano ya yi masa alkawarin gurbi a ƙetare, aka sayar da shanun huɗar gidan aka ba da kafin alƙalami. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Yaron yana nan a bakin shagon cajin waya yana nuna wa abokai hoton wata takarda mai tambarin jami'a, wadda babu wanda ya taɓa tambayar jami'ar ko ita ta rubuta. Sa'o'insa da suka haƙura suka sake zama yanzu sun yi nisa a Jami'ar Bayero da ta Wudil. Mahaifinsa kuwa hayar shanu yake yi idan ruwa ya sauka, kuma kunya ta hana shi faɗin yawan abin da ya biya. Allah Ya mayar masa da alheri.

Matakin farko na gaskiya shi ne gyaran takardu, kuma a nan yaran karkara suka fi tuntuɓe. Ana buƙatar fasfo, fasfo kuma ba ya fita sai da lambar NIN. Sai a tarar takardar firamare ta ce Muhammadu, ta WAEC ta ce Mohammed, katin NIN ya ɗauki sunan kaka ya bar na uba, shekarar haihuwa kuma an rage ta a wuri guda saboda wani ya ce hakan zai yi amfani wajen neman aiki. Jami'in biza bai san wannan al'ada ba. Abin da yake gani mutane uku ne a fayil ɗaya. Gyaran yakan ci watanni da takardar rantsuwa ta kotu, don haka wanda ke ajin ƙarshe na sakandare ya fara tun yanzu.

Daga nan kowace ƙasa da tsarinta. A Birtaniya ana nema ta shafin UCAS, inda ɗalibi ke zaɓar kwas har biyar, masu son likitanci su gama kafin tsakiyar Oktoba, kuma yawancin jami'o'in sukan sa mai WAEC ya yi shekarar share fage. Amurka sai jami'a ta aiko da takardar I-20, a biya dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi, sannan a je ganawa a ofishin jakadanci. Waɗannan biyu, a gaskiya, sun fi ƙarfin aljihun manomi. Waɗanda suka fi kusa da ɗan talaka su ne na tallafi. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ɗaukar baƙi kyauta da masauki da alawus, ga wanda bai wuce shekara 25 ba kuma takardar sakandarensa ba ta tsufa ba. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi daga Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, kuma zai yi shekara guda yana koyon Turkanci. Duka biyun ta intanet ake cike su, ba a biyan ko kwabo. Abin takaicin shi ne shekarun da yaro ke ƙonawa yana jiran dillali su ne za su fitar da shi daga ƙa'idar shekarun. Kusa da gida akwai Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, da Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi wadda Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a 2013. Wanda ya tsallaka can shi ma baƙon ɗalibi ne, dokokin tantance takardun digirin waje suna kansa.

Maganar kuɗi ita ce ba a son ji. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Iyalin da suka yi lissafin shekara huɗu sai suka ga kuɗin bai kai biyu ba. Hatta waɗanda gwamnatin tarayya ta tura Rasha, Maroko, Hungary da sauransu ƙarƙashin yarjejeniyar BEA an zaftare musu alawus fiye da rabi a 2024, a 2025 kuma aka sanar da dakatar da shirin. Bashin karatu na NELFUND na makarantun gwamnati ne na cikin gida kawai. Da za a lura, ɗalibai 501 da gwamnatin Kano ta tura a 2012, da 1,001 da ta yi shelar turawa a 2023, digiri na biyu suka je yi, bayan sun gama na farko da sakamako mai kyau. Hanyar jirgin, ga ɗan Kano, ta cikin ajin Bayero ko Northwest ko makarantar tarayya da ke nan Kabo ta fi bi. Yaron da zai matsa wa uwa da uba su jinginar da gonar gado don ya ɗauki hoto a filin jirgi, ya ji tsoron Allah: a gonar nan akwai haƙƙin ƙannensa mata da ba a tambaye su ba.

Su kuma dillalai, a cikinsu akwai masu wakiltar jami'o'i da gaske, kuma jami'ar takan sa sunansu a shafinta. Alamar ɗan damfara ita ce gaggawa, da neman a tura kuɗi asusun wani mutum, da alkawarin digiri cikin shekara ɗaya. A ƙarshen 2023 Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A watan Agusta Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000, kuma jami'o'i biyar kaɗai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah ma guguwar ta taɓa su.

Mutanen da ma sun yi tafiyar neman ilimi, sun fi na yanzu nisa. Almajiri kan tashi daga ƙasar Kano a ƙafa ya nufi gabas, ya ratsa Barno da Chadi ya shiga Sudan, wani sai bayan shekaru ya ga Makka. Amma kafin ya tashi ya san sunan malamin da zai zauna gabansa da littafin da zai sauke, kuma da albarkar iyaye yake fita. Na yanzu a tambaye shi a wane gari jami'arsa take, sai ya duba waya.

Sudan ɗin ma ta koyar da wani darasi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa a Jami'ar Afirka ta Duniya, aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu suka kwana kwanaki a hamada. Bayan dawowa, wanda ke riƙe da sakamakon kowace shekara a hannu ya fi sauƙin neman canjin makaranta. Ya kamata ɗalibi ya karɓi sakamakonsa duk ƙarshen zango, ya turo kwafi gida a ajiye.

Ƙarshen aikin a Abuja yake. Mai digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance takardarsa kafin NYSC ta karɓe shi, za a kuma duba fasfo a ga hatimin shiga da fita, da kiredit biyar ɗin sakandare. Likita sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin ya taɓa majinyaci. A wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Nuwamban 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna sun faɗi. Lauya kuma sai ya bi ta Makarantar Horas da Lauyoyi, inda 'yan waje ke yin ƙarin zango kafin su haɗu da sauran. Matsayin kowace jami'a ana iya tambayarsa a ma'aikatar da waɗannan hukumomi tun kafin a biya kuɗin fom.