Nasiha ga Matan da Sankarar Mama ta Riska da Ƙuruciya

Bisa al'adar mutanenmu, idan aka ambaci sankarar mama, wadda jama'a suka fi sani da ciwon daji, hankali yakan tafi ga dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya har ta ga jikoki. Amma duk wanda Allah ya ƙaddara masa aikin jinya a sashen masu wannan lalura, kamar yadda ya ƙaddara mini, ya san cewa a ƙasarmu, inda ita ce sankarar da ta fi yawa tsakanin mata, ba a rasa 'yar shekara 28 ko 35 a kan benci ranar ganin likita, wata da goyo a bayanta, wata kuwa ko lallen aure ba a sa mata ba.

Abin da na lura da shi shi ne, idan likita ya gama karanta wa matashiya sakamakonta, galibi ba batun mutuwa take fara tambaya ba. Sai ta jira ya fita, ta naɗe takardar ta cusa cikin hijabi, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Sista, don Allah zan ƙara haihuwa?" Kafin in buɗe baki mahaifiyarta ta riga ta miƙe tana cewa, "Malama, bari mu je gida mu yi shawara." Da yawa daga masu tafiya shawarar nan ba ma sake ganinsu sai bayan watanni, lokacin da ƙullutun da bai wuce girman gyaɗa ba ya zama gyambo, an yi masa tsaga, an shafe shi da saiwoyi, ga kaluluwa ta cika hammata. Tsoron rasa aure da haihuwa ne yakan kore su daga asibiti, alhali kuwa wannan tsoro yana da amsa, in da an zauna an ji ta.

Maganar da ta fi yi mana ɓarna ita ce wai daji ba ya son ƙarfe, watau da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Asalin wannan zato kuwa, mutane sun ga waɗanda aka yi wa tiyata bayan ciwon ya riga ya ci jiki, suka rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Allurar da ake ɗebo 'yar tsoka da ita a kai ɗakin gwaji ita ce ke tabbatar da ko sankara ce, domin mafi yawan ƙullutun da ke fito wa matasa ba ita ba ce. In kuma ita ce, gwajin ne zai fayyace irinta, saboda akwai wadda sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, wadda ake tare wa hanya da ƙwayar tamoksifen shekara 5 zuwa 10, akwai mai buƙatar wata allura ta musamman, akwai kuma wadda ta yawaita a matan Afirka ta Yamma, wadda babban makaminta shi ne kemo, watau maganin daji da ake sawa ta ƙarin ruwa.

Game da haihuwa, wajibi ne a yi maganarta tun kafin a ɗaura ledar kemo ta farko, ba bayanta ba. Kemo yakan taɓa ƙwayayen haihuwa, haila ta ɗauke, amma gwargwadon ƙuruciyar mace gwargwadon fatan dawowarta, kuma akwai allurar da likita kan bayar don kare ƙwayayen. Wadda ta kammala magani, ta jira wa'adin da likitanta ya ɗiba mata, tana iya ɗaukar ciki, bincike kuwa bai nuna cewa cikin yana tayar da ciwon ba. Mai juna biyu ma kada ta ɗauka sai ta zaɓa tsakanin ranta da ɗanta, domin bayan wata uku na farko ana iya ba da wasu nau'o'in kemo. Mai shayarwa dai dole ta yaye, kuma ta sani cewa taurin nonon da ya ƙi sauka bayan makonni na shan magani ya cancanci a yi masa sikanin, kada a ce ai ciwon nonon masu jego ne.

Gashin kai da kemo ke zubarwa yana tsirowa bayan an gama. Ba kowa ake cire wa nono gaba ɗaya ba, musamman wadda ta zo da wuri, wadda akan cire mata ƙullutun kaɗai a bi da gasa wurin da na'ura, irin wanda ake yi a Shika ta Zariya da Sakkwato da Abuja. Ga mazaje kuwa, ku sani ciwon nan ba a ɗaukarsa ta shimfiɗa ko ta kwanon abinci, kuma mijin da ya rako iyalinsa, ya zauna ya ji bayanin likita da kunnensa, ya sauke mata rabin nauyin da ke ƙirjinta.

Shari'a ma ba ta ƙuntata wa majinyaciya ba. Malaman fiƙihu sun halatta buɗe jiki ga likita saboda larura, sun yi rangwamen ajiye azumi a rama bayan samun sauƙi, da shafa a kan bandeji yayin tsarki. Tawakkali kuwa bai taɓa hana riƙo da sababi ba, sai dai a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Saboda haka, 'yar'uwa, idan sakamako ya fito, ki yi kukanki, babu laifi, sannan ki zaɓi mutum ɗaya mai amana da zai riƙa raka ki, ki rubuta tambayoyinki a takarda, har waɗanda kike jin nauyin furtawa, ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin idan kuɗi ya gagara, kuma duk shawarar da dangi za su yi, a yi ta kafin ranar da likita ya ce ki dawo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.